Tambayoyinku Daga Madafa: Suyar Wainar Ƙwai Tare da Yara

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ga shigar da yara madafa, kuma da yake yawancinsu daga Jihar Kebbi suka fito, sun kuma tsaya a kan wainar ƙwai, na ga ya dace in haɗa su wuri ɗaya in amsa su a jere. Na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, amma ban taɓa ma'anar ko ɗaya ba.

TAMBAYA: Anti, barka da aiki. Ina da yara uku, mai shekara huɗu, da mai bakwai, da babbarsu mai goma sha ɗaya. Duk lokacin da na ɗora kasko sai su kewaye ni, kowa yana cewa shi zai fasa ƙwai, ni kuwa tsoron ƙuna da ɓarna yana sa in kore su. Maigidana ya ce in bar su su koya. Daga wace shekara ya kamata a fara, kuma wane aiki zan ba kowannensu? Daga Maman yara uku, Birnin Kebbi.

AMSA: Barka kadai, Maman yara. Ina goyon bayan maigidanki a wannan magana, amma ban ga laifin tsoronki ba, domin ƙunar mai tana barin tabo a jikin yaro har girmansa. Abin da zai haɗa ra'ayinku shi ne ki lura cewa aikin wainar ƙwai kashi biyu ne, akwai na kan tabarma, akwai na bakin murhu. Na kan tabarma shi ne mafi yawa, wato wanke kayan miya, da yanka, da fasa ƙwai, da kaɗawa, da awon gishiri, kuma duk ana iya gama shi kafin a kunna wuta. Na bakin murhu kuwa bai wuce minti uku zuwa huɗu ba. Wannan ne ya sa na fi son a fara koya wa yaro girki da wainar ƙwai kafin a kai ga tuwo ko miya, domin kayan haɗinta kaɗan ne, ba ta daɗewa har yaro ya gaji ya tafi wasa, kuma yana ganin aikin hannunsa a faranti tun bai manta yadda ya yi shi ba.

Ki shimfiɗa tabarma nesa da murhu, ki fara da wanke hannu da sabulu, kowa da kowa har ke kanki, sannan a sake wankewa bayan an gama taɓa ɗanyen ƙwai. Mai shekara huɗu shi ne zai wanke tumatir da tattasai, ya tsinke ganyen zogale ko alayyafo da yatsunsa, ya kuma kaɗa ƙwai da cokali mai yatsu a cikin kwano mai zurfi wanda aka ajiye a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Zai zubar da kaɗan, kuma ki sa wannan a cikin lissafinki tun farko, don kada faɗa ya biyo baya. Mai shekara bakwai ya isa ya fasa ƙwai. Ki nuna masa ya buga shi sau ɗaya a kan wuri mai faɗi, ba a bakin kwano ba, domin bakin kwano yana tura ɓawo ciki, sannan ya buɗe shi da manyan yatsunsa biyu a cikin ƙaramin kofi, a duba a shinshina, kafin a juye a babban kwano. Idan guntun ɓawo ya faɗa, da rabin ɓawon ake kwashe shi, ya fi yatsa saurin kamawa. Ita babbar za ki ba wuƙa, ki fara raba mata albasa biyu don ta zauna daram a kan katako, ki nuna mata yadda ake lanƙwashe yatsun hannun da ke riƙe da albasar zuwa ciki. Kada ki bari ta yi yanka a tafin hannu yadda mu manya muka saba, wannan sai bayan shekaru.

Ita ce kuma kaɗai za ta matso bakin murhu, kina tsaye kusa da ita, ba ki juya baya ba, ba kya riƙe da waya. Shekaru ba su ne kaɗai ma'auni ba. Akwai mai shekara tara da ke jin magana sau ɗaya ya kiyaye, akwai mai goma sha biyu da hankalinsa ke kan abin da ake yi a tsakar gida, kuma ke kika fi kowa sanin naki. Abu ɗaya da nake roƙon iyaye mata su kula da shi sosai shi ne sutura. Hijabi da mayafi da riga mai faɗin hannu, musamman na yadin roba, suna kama wuta nan take, su narke su manne a fata. Yarinya ta ɗaura ɗankwali ta tamke, ta naɗe hannun riga, mariƙin kasko kuma a juya shi gefe inda ba za a yi karo da shi ba. Idan risho ko kurfoti kike amfani da shi a ƙasa, to a tabbata babu mai rarrafe a kusa.

Ga yara uku, ƙwai huɗu sun isa, da ƙaramar albasa ɗaya, da tumatir ɗaya, da rabin tattasai, da gishirin da yatsu biyu suka ɗauka, da man gyaɗa babban cokali ɗaya. Ki bar attaruhu, wanda yake so ya barbaɗa yaji a farantinsa. Dunƙule kuwa rabi ya isa, a murtsuke shi sosai kafin a zuba, in ba haka ba zai taru a wuri ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan ƙaramin cokali guda, na yaro kuma ƙasa da haka, ga shi dunƙule kansa mafi yawansa gishiri ne. A zuba mai ya yi zafi ba tare da ya fara hayaƙi ba, a soya albasa da tattasai su yi laushi, a zuba tumatir har ruwansa ya ƙone, sannan a zuba ƙwai a rage wuta. Idan gefe ya fara kamawa, sai babbar ta janyo shi tsakiya da cokali mai faɗi ta karkata kaskon don ruwan saman ya gangara ƙasa. A rufe da murfi kamar minti ɗaya, a buɗe a ninke ta biyu, a sauke. Ki bar su su raba da kansu, kuma ki ci daga nasu a gabansu ki faɗi abin da ya yi daɗi, domin yaron da aka ci girkinsa zai dawo gobe da kansa.

TAMBAYA: Anti, ƙanwata mai shekara goma sha biyu tana koyon wainar ƙwai a hannuna, amma kullum sai ta farfashe wajen juyawa, ko ƙasa ya ƙone sama bai nuna ba, har ta fara cewa ita ba ta da hannun girki. Da itace muke girki. Daga wata ɗaliba, Jega.

AMSA: Ƙanwata, ki faɗa mata hannunta lafiya lau yake, wutar ce ta yi yawa. Farin ƙwai yana fara daskarewa da zafin da bai wuce digiri 62 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas ba, gwaiduwa kuma tsakanin 65 da 70, alhali ruwa ma sai ya kai 100 yake tafasa. Kenan ƙwai ba ya bukatar harshen wuta ko kaɗan. Idan zafi ya yi yawa, ƙasan yana ƙonewa kafin zafin ya ratsa zuwa sama, sinadarin gina jikin da ke ciki kuma ya tsuke ya matse ruwansa waje, shi ya sa wainar ke yin tauri tana tsatsafo da ruwa a faranti. Mai girki da itace ta jira ta sauke tukunyar tuwo ko ruwan shayi, ta janye itacen, ta soya ƙwanta a kan garwashi. Wannan ya fi sauƙi ga yarinya, ya kuma rage mata hayaƙi a ido.

Farfashewa kuwa daga abu uku take zuwa: kayan haɗi sun fi ƙarfin ƙwan, ko tumatir ya shiga da ruwansa, ko an yi gaggawar juyawa. A matse 'ya'yan tumatir da ruwansa kafin a yanka, kayan haɗi kada su wuce rabin yawan ƙwan, kuma ta fara da ƙwai biyu a ƙaramin kasko har hannunta ya faɗa. Ba dole ba ne a juya waina. Murfi yana nunar da sama da tururi, ninkewa kuma ta fi juyawa sauƙi. Idan kaskon yana kamawa, a wanke shi a busar, a ɗora shi ya yi zafi kafin a zuba mai, a kuma juya man ya game ko'ina. Ranar da ta farfashe duk da haka, sai ta ci gaba da motsawa ta zama soyayyen ƙwai a ci da burodi, babu abin da aka rasa.

TAMBAYA: Anti, surukata ta hana in ba jikokinta ƙwai. Ta ce tun kaka da kakanni an san yaron da ya saba cin ƙwai yana tashi da kwaɗayi har ya kai ga sata. Ina jin nauyinta ƙwarai, ba na son in yi musu da ita, amma ƙaramin ɗana mai wata goma ba ya ƙiba. Yaya zan yi? Daga wata uwa, Argungu.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah Ya saka miki da alheri da kika fara da jin nauyin Inna, domin ta wannan ƙofar za a shiga. Wannan magana ba a ƙasar Kabi kaɗai ake yin ta ba, ana jin ta a sassa da yawa na Nijeriya da maƙwabtanta, kuma a ganina dabarar tattali ce ta mutanen da. A gidan da kaza ita ce asusun mace, kowane ƙwai ɗan tsako ne mai zuwa bayan kwana 21, don haka aka nemi maganar da za ta nesanta hannun yara daga akurki. Amma babu wani abu a cikin ƙwai da ke sa sata. Abin da ke sa yaro ya ɗauki abu a ɓoye shi ne a riƙa cin sa a gabansa ana hana shi, kuma yaron da ya san yana da rabonsa a sarari ba ya bukatar ya lallaɓa.

Dalilin da ya sa ba zan sassauta a wannan batu ba shi ne halin da yaranmu ke ciki. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, a Jihar Kebbi kuwa adadin ya kai kashi 66 cikin ɗari, mafi yawa a duk ƙasar a lokacin. Jiha ce mai shinkafa da kifi da albasa, saboda haka ba rashin abinci kaɗai ba ne, har da abin da ke isa bakin ƙaramin yaro daga cikin abin da ke gidan. Kunu tsagwaronsa yana cika ciki, amma ba ya gina jiki yadda ake bukata. Ƙwai ɗaya babba yana ɗauke da kusan giram 6 na sinadarin gina jiki mai inganci, da bitamin A da D da B12, da sinadarin kolin mai taimaka wa ƙwaƙwalwa. A wani bincike da aka yi a ƙasar Ikwado aka wallafa a 2017, an ba jarirai 'yan wata shida zuwa tara ƙwai ɗaya kullum har wata shida, aka samu tsumburewa ta ragu da kashi 47 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba a ba su ba. Da aka maimaita irinsa a Malawi, a yankin da yara suka riga suka saba cin kifi, ba a ga wannan bambanci a tsayi ba. Abin da na fahimta daga biyun shi ne, jikin yaro yana neman abincin da ya fito daga dabba kullum, ko ƙwai, ko kifi, ko nama, kuma hakan ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga yara daga wata 6 zuwa 23, tare da ci gaba da shayarwa. Ku da ke bakin gulbi kuna da kifi, sai ki haɗa biyun gwargwadon abin da ya sauƙaƙa.

Ga mai wata goma, ki soya ƙwan da ɗan mai kaɗan har ya nuna sarai, babu gishiri, babu dunƙule, babu yaji, ki murmushe shi da cokali ko ki dama a cikin faten dankali. Ki fara da ƙaramin cokali ɗaya da safe, ki lura da shi a yinin. Wasu yara ƙalilan jikinsu ba ya karɓar ƙwai, kuma alamarsa borin jini, ko kumburin leɓe da ido, ko amai jim kaɗan bayan ci. Idan kika ga haka ki dakata ki nemi ma'aikacin lafiya, idan kuwa numfashi ya canza, a tafi asibiti nan take. Batun rashin ƙibarsa ma ki kai shi awo a duba, kada a dogara da ƙwai kaɗai. Game da Inna, ɗanta ne ya kamata ya yi mata magana, ba ke ba, kuma zai fi kyau ku tafi da ita ranar awo ta ji daga bakin ma'aikaciyar lafiya. Idan manyan jikokin suka soya wainarsu, a fara kai mata nata faranti da hannunsu.

TAMBAYA: Hajiya, gidanmu babba ne, ranar girkina yara tara nake ciyarwa, nawa da na abokiyar zamana. Kiret ɗin ƙwai ya yi tsada, ba zan iya ba kowa ƙwai ɗaya ba. Akwai dabara? Daga Uwargida, Aliero.

AMSA: Uwargida, sannu da ƙoƙari, akwai dabara, kuma rabinta yana ƙofar gidanki, tunda daga garinku ake lodin albasa zuwa kudancin ƙasar nan. Mutanen Sifen suna da wata waina mai kauri da suke yi da ƙwai da dankalin Turawa da albasa, su yanka ta gunduwa-gunduwa, kuma tsarinta ya dace da gida mai yawa. Ki dafa dankali, na Hausa ko na Turawa, ko doya, gwargwadon cikin kwano madaidaici, ki bar yara su ɓare su yayyanka da cokali ko wuƙa marar kaifi tunda ya yi laushi. Ki soya manyan albasa biyu a hankali har su yi taushi su fara zaƙi, ki juye su da dankalin a cikin ƙwai biyar da aka kaɗa, ki bar haɗin ya zauna kamar minti goma don dankalin ya sha ƙwan. A nan kayan haɗi sun fi ƙwai yawa, saboda haka wuta ta zama ƙasa-ƙasa, a rufe, a ba ta minti takwas zuwa goma, sannan ke da kanki ki kife faranti a kan kaskon ki juye, ki mayar da ita ɗaya gefen ya nuna. Wannan juyi ba na yara ba ne. Ki soka wuƙa a tsakiya, idan ta fito babu ruwan ƙwai, ta yi.

Ana iya ƙara lawashi, ko dafaffen zogale da aka matse, ko ragowar shinkafa, ko bandar tarwaɗa da aka jiƙa aka murmushe, da sharaɗin babba ya bi ta da yatsa ya tabbata babu ƙaya. Wata hanyar da yara ke so ita ce tandar masa. A shafa mai a kowane gurbi, a zuba haɗin da ludayi, kowane yaro ya san gurbinsa, kuma da yake ƙanana ne ba sa farfashewa. Amfanin tanda a gida irin naku ya wuce na girki, domin rabo yana fitowa daidai wa daida, babu wanda zai ce an fifita ɗan wani ɗaki. Aikin ma ki zagaya da shi, wanda ya fasa ƙwai yau ya wanke kwano a girki na gaba.

TAMBAYA: Anti, da damina ƙwan zabi yana araha a wajenmu. Ana iya yin waina da shi? Kuma da bazara ƙwai yana saurin lalacewa, ga rashin wutar lantarki. Sannan yarana suna lasar kwanon ɗanyen ƙwai, maƙwabciyata ta ce ƙarin jini ne. Daga wata malamar firamare, Zuru.

AMSA: Malama, ƙwan zabi yana yin waina mai daɗi, gwaiduwarsa ma ta fi cika, kuma uku suna tsayawa a madadin manyan ƙwan kajin gidan gona biyu. Ɓawonsa ya fi kauri, don haka yaro zai buga da ƙarfi har ya murƙushe shi a hannu, gara ke ki tsaga masa shi ya buɗe. Da yake zabi a daji da gonaki suke yin ƙwai, ba a san kwanakinsa ba, sai a gwada shi a ruwa, kuma wannan aiki ne da yara ke jin daɗinsa. Sabon ƙwai yana nutsewa ya kwanta. Wanda ya ɗan daɗe yana tsayawa da tsininsa a ƙasan kwano, sai a fasa shi daban a duba. Wanda ya taso sama a zubar. Dalili shi ne ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke fita ta cikinsu iska ta shiga, yadda ya daɗe haka gurbin iskar ke faɗi. Wannan gwaji ba ya hana a fasa kowane ƙwai a kofi daban, domin baragurbi ɗaya yana ɓata kwano guda.

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a yankin nan, ki sayi abin da za a ci a cikin 'yan kwanaki kawai, ki ajiye a inuwa kusa da randa, tsinin yana ƙasa. Kada a wanke ƙwai kafin ajiya, domin wanki yana cire wani siririn rufi da ke toshe ƙofofin ɓawon, a goge datti da busasshen tsumma, a wanke sai an zo amfani. Wanda ya tsage kuwa ba na ajiya ba ne.

Lasar kwano a hana su da gaske. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi da amai, kuma ta fi tsanani ga ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi. Ba ya kuma ƙara jini fiye da dafaffe. An auna an ga jiki yana amfana da kusan kashi 90 cikin ɗari na sinadarin gina jikin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa kusan rabi kawai. Wainar yara ta nuna har tsakiya, a kuma ci ta da zafinta, kada a bar ta a kwanon makaranta tun safe har azahar a irin wannan yanayi.

TAMBAYA: Malama, ɗana mai shekara goma yana son shiga madafa tare da mahaifiyarsa, 'yan'uwana kuma suna cewa zan lalata shi. Ina neman shawara. Daga wani uba, Gwandu.

AMSA: Malam, Allah Ya raya shi, ka bar shi ya koya. Mafi yawan wainar ƙwan da ake ci a garuruwanmu maza ne ke soya ta a teburin mai shayi, kuma da ita suke ciyar da iyali, babu wanda ya ce sun lalace. Nan da 'yan shekaru yaron nan zai tafi makarantar kwana, ko jami'a, ko hidimar ƙasa a jihar da bai san kowa ba, kuma wanda ya iya haɗa wa kansa abinci ya fi wanda kuɗinsa ke ƙarewa a sayen na waje. An tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, abin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake yi a gida, ta ce yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita, kuma hadisin yana cikin Sahihul Bukhari. Shawarata ita ce ka sa hannu da kanka. Ranar da babu makaranta ka zauna tare da shi ku haɗa karin kumallo, shi yana kaɗawa kai kana bakin wuta, ku hutar da mahaifiyarsa. Idan 'yan'uwa suka ga kai ne malaminsa, maganar za ta mutu da kanta. Ka kuma koya masa cewa wanke kasko da share wuri suna cikin girkin, ba aikin ƙannensa mata ba ne.

TAMBAYA: Anti, mai ya fantsamar wa 'yata a hannu muna suya, maƙwabta suka fasa ɗanyen ƙwai suka shafa mata, wata ta ce a sa man goge baki. Ta warke, amma ina son in san abin da ya dace don gaba. Daga wata uwa, Yauri.

AMSA: Alhamdu lillahi da ta warke, Allah Ya kiyaye gaba. Maƙwabtanki taimako suka nufa, amma ɗanyen ƙwai bai dace da ƙuna ba, domin yana iya shigar da ƙwayoyin cuta a fatar da ta buɗe. Haka ma man goge baki, da manja, da gishiri, da toka, da baƙin mai, wasu suna riƙe zafi a ciki, duka kuma suna wahalar da ma'aikacin lafiya wajen wanke ciwon. Abin da ake yi shi ne a zuba ruwa mai sanyi, na famfo ko na randa da moɗa, a kan wurin ba ƙaƙƙautawa har minti 20, ba ƙanƙara ba, ana kuma lulluɓe sauran jikin yaron don kada sanyi ya kama shi. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba, tufar da ta manne kuwa a bar ta. Kada a fasa bororo, a rufe da ƙyalle mai tsabta wanda ba ya barin zare. A kai asibiti idan ƙunar ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko tana fuska, ko yatsu, ko gaɓa, ko al'aura, ko wurin ya yi fari ko baƙi, ko kuma jariri ne komai ƙanƙantarta.

Yawancin fantsama daga ruwa take zuwa, don haka a tsane kayan miya, cokali ya zama busasshe, a kuma zuba ƙwai daga kusa da kasko, ba daga sama ba. Idan man ya kama da wuta, a kashe gas ko risho, a kife murfi a kai a bar shi ya huce, kada a watsa ruwa kuma kada a ɗauki kaskon a fita da shi. Ki gwada wa yaranki wannan da kasko marar wuta, su maimaita har su riƙe, kuma duk ranar suya murfin ya kasance a inda hannu zai kai gare shi kafin a zuba mai.